Alkakin Inna a Shafi na Uku

Shekara talatin Inna ta yi tana soya alkaki a gidanmu na Tudun Wada, kuma duk garar da ta amsa sunanta a unguwar nan daga madafarta ta fita. Da ta rasu, ni na gaji kaskon da turmin da masu sayen. Haka dai na ɗauka. Na manta da 'yar maƙwabtanmu, sa'ar ƙanwar bayana, wadda ta girma a tsugune gefen murhun Inna tana kallon hannunta. Ta yi aure a Tudun Jukun, ta buɗe nata kasuwancin, ni kuwa ko a jikina.

Abin ya fara taɓa ni ne da masu biki suka koma neman komai a waya. Uwar amarya tana Kaduna, ba ta san kowa a Zariya ba, sai ta rubuta "alkakin gara a Zariya" a injin bincike, wadda ta fito a sama ita za ta kira. Na je unguwar Kongo wurin wani Ibo mai shagon kwamfuta, haifaffen garin nan da Hausa ta zauna masa a baki, ya buɗe min shafi mai kyau da hotuna. Na dawo gida na rubuta kalmomin nan da hannuna. 'Yar maƙwabtan nan tamu ce ta farko. Ni ina can shafi na biyu na sakamakon binciken, inda ba mai zuwa sai wanda ya yi ɓatan kai.

Ba zan ɓoye ba, hassada ta kama ni, irin mai hana mutum jin daɗin shayinsa. Kullum da safe kafin in ɗora ruwa sai na duba, kullum tana nan daram a sama. Ban taɓa buɗe shafin nata ba, don kada in ƙara mata ko da mutum ɗaya. Ina dai kallon sunan kasuwancinta ina tsaki, ina cewa a raina: yarinyar da a gidanmu ta san bambancin tsaki da gari.

Na koma Kongo na ce, "Oga, me ta ba injin nan da ni ban ba shi ba?"

Ya ce, "Hajiya, ba a ba shi komai. Yana duba abubuwa da yawa, amma babba a ciki shi ne mahaɗi. Rubutun nan mai shuɗi, wanda in kin taɓa zai kai ki wani shafin. In wasu shafuka suna nuno naki, yana ɗauka kamar sun yi miki shaida. Amma kuma…"

Ban tsaya jin amma ɗin ba. Jama'a ake nema? Ranar bikin 'yata sai da aka rufe layinmu. Idan da yawan mutane ake hawa sama, ai ta taro wadda ta fi ƙarfinta.

Gayya na kira, sak irin ta gona. Wata Asabar da hantsi na tara 'yan'uwa daga Dutsen Abba, da matan ajinmu na Islamiyya, da surukaina, na yi musu dambu da zoɓo. Kowa ya fito da wayarsa ya buɗe shafi irin na kyauta, na tsaya a tsakar gida ina yi musu shifta kamar malamar firamare: "Alkaki mafi daɗi a Zariya, taɓa nan." Kowa ya rubuta haka, ba ƙari ba ragi, ya liƙa mahaɗina. Shafin kawuna babu komai a cikinsa sai jimlar nan da hoton babur ɗinsa. Kafin la'asar mun haura shafi arba'in, na raka su bakin ƙofa ina jin kaina kamar wadda ta ci zaɓe.

Sati ɗaya ya wuce, shiru. Sati uku, shiru. Wata safiya na duba shafi na biyu ban gan ni ba, na koma na farko da murna ina cewa ƙila na hau. Ba na nan. A shafi na uku na tsinci kaina, a ƙarƙashin wani mai hayar kujeru.

Ko mayafi ban daidaita ba na isa Kongo. Na zayyana masa abin da na yi, ya dafe kai ya yi dariya har sai da ya ga fuskata ya haɗiye sauran.

Ya ce, "Hajiya, in kika kai shaidu arba'in gaban alƙali, duk 'yan gidanku, ba wanda ya san su, kuma duk kalma ɗaya suke maimaitawa, me zai ce?"

Na ce, "Zai ce an kitsa musu."

"To haka injin ya gani. Shafin da aka buɗe jiya, ba mai karanta shi, ba mai nuno shi, shaidarsa ba ta da nauyi. Yawanci ko ƙirga shi ba ya yi. In kuma suka zo da yawa rana ɗaya da baki ɗaya, sai ya fara zargin ki."

Na ce ita fa, su wa suka tsaya mata? Ya duba ya ce ba su da yawa. Wata jarida ta taɓa rubutu a kan kayan gara ta nuno ta, sai kuma wata makarantar koyar da girki. Su biyun nan, in ji shi, sun fi arba'in ɗina.

Sai ya juyo min da fuskar kwamfutar, ga jerin duk masu nuno shafina. Ya sa yatsa a kan guda ɗaya ya ce, "Wannan ne kaɗai mai nauyi. Ba don shi ba, da ko a shafi na goma ba za a gan ki ba." Daga shafinta ya fito. Ya karanta min abin da ta rubuta a wurin: "A gidan nan na koya. Mai gidan ta rasu, Allah Ya jiƙan ta, amma 'yarta tana nan tana yi, ku neme ta."

Wani sai ya ji kunya. Ni wuta na ji. Ita ce ma za ta gabatar da ni? Na ce, "Oga, cire shi."

Ya ce, "Na mutanenki, ki ce su goge. Wannan a shafinta yake, ita kaɗai za ta iya cirewa. Kuma Hajiya, da ni ne ba zan taɓa shi ba."

Daga nan na tari keke zuwa Tudun Jukun, ina ta jera maganganun da zan faɗa mata. Ina yin sallama ta fito da gudu, hannunta duk mai.

"Yaya! Yau ke ce a gidana? Lale marhabin, shigo daga ciki."

Ta shimfiɗa min darduma, ta kawo ruwa, ta dawo da faranti ɗauke da alkakin da ta tsame yanzun nan. Na yi niyyar cewa na ƙoshi, hannuna ya riga ni. Na gutsira. Na Inna ne. Laushin cikin nan, da ɗan tsamin da ke zuwa a ƙarshe bayan zaƙin ya wuce, abin da rabona da ji tun tana raye.

Na ce, "Me kike sawa a ruwan sukarin?"

Ta ce, "Tsamiya mana, Yaya, yadda Inna ta nuna mana. Ƙullin kuma kwana biyu nake barin sa."

Ni na daɗe da komawa lemon tsami, ƙullina kuma kwana ɗaya yake yi don sauri. Na cinye wanda ke hannuna, na ɗauki na biyu, na tambaye ta lafiyar maigidanta da yara, na tashi ban faɗi abin da ya kawo ni ba.

Mutanena sun goge shafukansu, a hankali na dawo shafi na biyu. Na koma tsamiya, na koma kwana biyu, na yi ta gwadawa har alkamar buhu guda ta ƙare, bai fito kamar nata ba. Mahaɗin yana nan, ita ma tana nan a sama, kuma har yau in na gan ta raina yana sosuwa. Ni Inna ta haifa, amma hannunta yana Tudun Jukun.