Figaggun Kajin Baba Mai Guga

Baba Mai Guga ya yi rayuwarsa ne a tsaye gaban teburi da dutsen guga a hannu, kuma babban abin da sana'ar ta koya masa shi ne duk abin da ya yamutse ba shi da kirki. Mutum ko ya kai wane, in ya shigo shago da wuyan riga a lanƙwashe, to Baba ya gama da shi.

Da gwiwa ta ƙi tsayuwa sai ya rufe shagon. 'Yarsa, wadda yake kira Uwata, ta ce ya tattara ya koma gidan mijinta ya huta. Shi kuwa a wajensa zaman gidan suruki da ɗauri duk ɗaya ne. Suka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ta saya masa kajin ƙwai, jajayen nan, bisa sharaɗi: in sun riƙe shi ya zauna a gidansa, in sun gaza ya biyo ta ba musu.

Da farko abin gwanin sha'awa. Kullum da hantsi yana jera kiret, yana goge kowane ƙwai da tsumma, mai gidan biredi na zuwa ya kwashe. Bayan wasu watanni sai ƙwai ya fara ja da baya. Baba ya canza abinci, ya wanke mazubin ruwa har ya kusa huda shi, ya zargi ɓera, ya zargi maciji, ya dawo yana zargin idonsa. Kan dole ya kira likitan dabbobi.

Likita ya leƙa a gurguje, babur ɗinsa ma bai kashe ba.

"Baba, ba cuta ba ce. Akwai masu ci ba sa yi. Ka ware su ka sayar, sauran su samu sarari."

"To, likita."

Ya so ya tambayi yadda ake gane su, amma ya riga ya gyaɗa kai irin na wanda ya sani, kuma Baba ba ya janye gyaɗa kai.

Da ya shiga ɗakin kajin ma sai ya ga ashe abin ba wuya. Ga wasu nan sumul-sumul, gashi na ƙyalli, ƙafafu rawaya shar. Ga wasu kuma figaggu, baya duk a tsige, baki da ƙafa sun koɗe kamar tsohon zane. Ai ko makaho ya san su wane ne malalata. Ya tsame figaggun ɗaya bayan ɗaya, yana yi musu faɗa, ya kai wa wata mai abincin bakin titi ta saye.

Washegari ya shiga da kiret, ya fito da ƙwan da bai cika tafin hannu ba. Kwana ya sake, haka. Mai biredi ya zo ya koma hannu wofi, bai ƙara zuwa ba. Baba ya rasa inda zai sa kansa. Ya zauna bakin ƙofa yana kallon kyawawan kajinsa, su ma suna karkata kai suna kallonsa.

"Ku dai ku faɗa min laifina," in ji shi. "Na raba ku da ƙazamai, me kuma kuke so?"

Yana nan zaune mai abinci ta yi sallama, riƙe da kwano a rufe.

"Baba, wai me ka sayar min? Tun da suka zo suke zuba ƙwai a keji, na ce ko ragowar ciki ce. Yau muka samu aikin taro aka yanka, dubi abin da muke cirowa."

Ta buɗe kwanon. Kwaiduwa ce cike fal, manya da ƙanana, wasu har sun fara ɓawo.

Baba ya kira likita a waya, ya faɗa masa abin da ya faru. Likita ya fara dariya, sai kuma ya haɗiye ta.

"Ayya, Baba. Kazar da ke yi kullum ai jikinta take zubawa cikin ƙwan. Launin ƙafa ya tafi, gashi ya lalace. Mai ƙyalli kanta take yi wa aiki. Me ya hana ka tambaye ni?"

Baba ya kashe wayar. Ya juya wajen mai abinci.

"'Yar nan, waɗanda suka rage fa? Zan karɓe su."

Ta sunkuyar da kai.

"Wallahi Baba, ta ƙarshe tana kan wuta."

Ta ajiye masa kwanon ta fita sumui-sumui. Ya daɗe yana juya wayar a hannu kafin ya danna lambar 'yarsa.

"Baba, ina wuni? Ya kaji?"

"Suna nan, kyau kamar me." Ya gyara murya. "Uwata, ɗakin nan da kika ce, yana da taga?"