Jar Fitilar Bayan Motar Baba

Tun ranar da Yaya ya aiko wa Baba motar nan 'yar Kwatano mai launin toka, mutanen Kano suka sa shi a gaba. Motar tana da wasu siraran fitilu a gaba da suke kamawa da zarar an tayar da ita, ko da rana tsaka ce. Mu kuwa a garin nan ba ma iya ganin fitila a kunne da rana mu yi shiru. Mai babur zai jero da kai yana buɗe yatsu yana rufewa. Mai lemo a bakin titi zai ɗaga murya, "Alhaji, an bar wuta!" Har maigadin maƙwabtanmu a Nassarawa GRA, wani dattijo mutumin Jigawa, tasowa yake daga bencinsa ya ƙwanƙwasa gilashi don kada batir ya mutu. Duk don Allah suke yi, amma zo ka ga fuskar Baba.

Mutumin da yake bin ɗakuna yana kashe mana ƙwan lantarki tun muna yara, shi ne yau ake yi wa kallon maɓarnaci. Ya kai ta wurin mai wayarin ya ce a tsinke wayar kowa ya huta. Aka ce masa ai haka aka ƙero ta, da kanta take kunnawa. Ya dawo gida yana ƙwafa.

"Tunda ta fi ni sanin lokacin kunna fitila, to ita da fitilarta," in ji shi.

Daga ranar bai sake taɓa makunnin da ke jikin sitiyari ba. Dama ba ya tuƙi bayan magariba, saboda haka ba wanda ya ga abin magana.

Tun rasuwar Mama fitarsa ta ragu ƙwarai. Abin da bai taɓa fasawa ba shi ne zuwa Gama kowace Juma'a bayan la'asar, wurin yayarsa, Gwaggo, wadda ƙafa ta zaunar. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Zai riƙa mata goro da ayaba, su zauna suna musu a kan waye ya fi wani rashin ji suna yara, sannan ya tuƙo kansa gida a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Ba ya ma son taka birki, sai dai ya ɗage ƙafa daga totur motar ta lafa da kanta.

A daminar bara, ana tsaka da ruwa, wani mai adaidaita sahu ya daki bayansa dab da kwanar gida. Ba wanda ya ji ciwo, bamba ce kawai ta lotsa. Mutumin ya fito yana rantsuwa, "Wallahi Baba ban gan ka ba." Baba ya wanke shi tas. Mota guda, da fitila a kunne, a ce ba a gan ta ba?

Yaya, da yake Abuja, bai saurari wannan ba. Ya kira ni ya ce shekaru ne, ƙila Baba tsayawa ya yi a tsakiyar titi bai sani ba. A karɓi mukulli, a ɗauki direba. Da yake ni ce a kusa, ina aure a Tudun Wada, ni aka ɗora wa aikin. Daga nesa hukunci ba ya wuya, ai ba shi zai kalli idon tsohon ba.

Na faɗa wa Baba kaina a ƙasa. 

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa na ci, "direba zai zauna a waje yana duba agogo, ni ina ciki da 'yar'uwata? Shi ke nan. Ku bar ni in je wannan Juma'ar da kaina, in na dawo ki karɓa."

Wallahi da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'ar na bi shi a tawa motar. Bai faɗa wa Gwaggo komai ba, sai dai ya zauna ya fi yadda ya saba. Muna fitowa hadari ya riga ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu alhali ko kiran magariba ba a kusa yi ba. Kafin mu shigo GRA ruwa ya kece. Waifa tana ta kai da kawowa a banza, itatuwan maɗaci da darbejiya sun rufe titi ta sama, ƙasa kuma ruwa ya shafe kwalta da kwata sun zama ɗaya.

Sai na nemi motar Baba na rasa. Yanzun nan tana gabana. Ina hango jar fitilar wata mota can nesa, amma tsakanina da ita ba komai sai ruwa. Na ɗauka ya yi mini nisa, na ƙara gudu don in cim masa. Kawai sai ga bayan mota a hancina. Na taka birki iya ƙarfina ina salati, motata ta ja ta tsaya a karkace. Tsakanina da bambar mahaifina bai kai kamu ɗaya ba. Shi bai ma sani ba, yana ta tafiyarsa a hankali, bayan motarsa duhu ƙirin, launinta ya saje da ruwan.

Na kunna sigina biyu, na bi shi dab da dab har gida don kada wani ya shiga tsakaninmu. Ga tsoro ga haushi, ban ma san wa nake jin haushi ba.

Yana tsayawa a ƙarƙashin rumfa na fito a cikin ruwan na ce, "Baba, kada a kashe. A zo a gani."

Ya zagayo gaba. Fitilu farare tas. Ya dube ni kamar ya ce to me? Na ce a zo baya. Ya tsaya yana kallo, ba ko ɗigon haske. Na shiga na murɗa makunnin nan da ya yi wa yaji, sai ja ya haske farar rigarsa. Na kashe, duhu. Na sake kunnawa.

Abin da ya ruɗe shi ke nan. A ciki allon gabansa yana haske, a waje mutanen gari kullum suna shaida masa fitila a kunne take. Ba wanda ya taɓa bin sa ta baya ya ce masa a kashe take.

Yana tsaye, ruwa na feso masa ta gefen rumfa.

"Ashe yaron nan mai adaidaita gaskiya ya faɗa," ya ce. "Na zage shi a gaban mutane, kuma gaskiya ya faɗa. Allah Ya haɗa mu in nemi afuwarsa."

Ya zagaya ya kashe motar da kansa, ya zare mukullin ya miƙo mini, don shi in ya yi magana ba ya sauya ta. Na ƙi sa hannu.

"Baba, ni ma da idona lafiya lau ban gan ka ba. Idan mukulli za a karɓa, sai a fara da nawa."

"Yayanki fa?"

"A bar ni da shi."

A daren ni da Yaya muka yi ta musu a waya har sai da ya gaji ya ce in yi yadda na ga dama. Washegari na tarar Baba ya ɗaura jan zare a jikin makunnin, wai don kada ya manta.

Juma'ar da ta zagayo ba ko gajimare a sama, rana ƙwal. Ina tsaye a bakin get ya fito zai tafi Gama, gaba da baya duk a kunne. Maigadin maƙwabta ya taso da sauri yana buɗe yatsu yana rufewa. Baba ya sauke gilashi.

"Na sani, Malam," ya ce. "Ni na kunna."