Inna Janhom da Farar Laimar Kwaɗi

Shekara ashirin da bakwai ke nan, da la'asar ta yi sanyi Inna Janhom za ta share ƙofar gidan gahawarta da ke bayan tashar motar garin Chiang Rai, ta jiƙa wake, ta ɗora ruwa, fitilarta kuma ba ta mutuwa sai asuba. Nama bai taɓa shiga tukunyarta ba. Masu zanen hoto da makaɗa masu gashi buzu-buzu su ne 'yan gida, a kan tabarma suke kwana suna musun da ba ya ƙarewa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye ludayi, gwiwa ta ƙi. Ni kuwa na rantse ba za ta tafi shiru ba.

Ku tambayi Wandi, tela ce a Lampang. Damina uku da suka wuce ita da yayanta Sawat suka shigo jiƙe sharkaf wajen sha ɗayan dare, suna jiran motar ƙarfe ɗaya. Al'adar gidan ce matafiyi ya jefa abin da ya zo da shi a tukunyar kowa, sai Wandi ta kwance ƙunshin laimar kwaɗi fara tas da suka tsinto a dajin ƙauyensu. Inna ta ɗauki ɗaya ta duba gindinta, ta ajiye a hankali, ta wanke hannu. Ta tambaya ko sun ci. Wandi ta ce da yamma, kwano biyu-biyu.

Sawat ya yi dariya, ya ce sun dafa ta da shinkafa yadda kowa ke gwada mai guba, shinkafar ba ta sauya launi ba, cokalin azurfa ma bai yi baƙi ba. Bunta mai zane ya ce tsufa ne ya fara taɓa Inna. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta juya ga Wandi.

"Wannan ba ruwanta da shinkafa, 'yata, hanta take nema. Lafiya kike ji yanzu, ko? Haka ƙanwata ta ji har gari ya waye."

Makaɗa suka ajiye kayansu. Wandi ta dafa cikinta ta ji shi ƙalau, kuma wannan lafiyar ce ta fi ba ta tsoro. Ta ture kofin gahawarta gefe.

Inna ta ce asibiti, yanzu. Sawat ya ce aiki na jiransa da safe, ba zai rasa mota saboda mafarkin tsohuwa ba. Ya kai hannu jakar ƙanwarsa, Inna ta riga shi, ta zauna daram a kanta. Ya zage ta tas, ya ɗauki tasa ya fice. Ta bi shi cikin ruwa ba takalmi, tana ɗingishi, ta riƙe rigarsa a bakin mota har ta yage a hannunta. Motar ta tashi da shi.

Ta dawo ta tasa Bunta gaba ya tayar da akori-kurarsa, ta rungume Wandi, ƙunshin yana cinyarta don likita ya gani da idonsa. Ƙarfe huɗu amai ya kama Wandi, lokacin an riga an ɗaura mata ruwa. Kwana tara ta yi a kwance. Shi ma Sawat amai ya kama shi a Lampang, washegari ya lafa, har ya bugo waya yana cewa a gaishe masa da tsohuwar. Kwana biyar da barinsa tashar aka kai shi makwanci.

Inna, ke ce kika zauna kan jakar baƙuwa kika sha zagi a cikin gidanki. Uwar matafiya, na san har yau ba maganar Wandi kike yi ba, cewa kike da ƙafarki lafiya da kin tare ƙofar motar. Mun gode, Inna, iyakar ƙarfinki kika yi.

Ku kuma masu karatu, in kun hango abin da baƙo bai hango ba, kada kunya ta rufe muku baki. Ku riƙe shi ko zai zage ku. Wandi ta zo bara da goyo a bayanta, yaron sunan kawunsa Sawat ya ci, kuma sai da Inna ta juya mana baya kafin ta iya kiran sunan.