Taraktar da Ta Ƙi Gama Gonar Gwaggo

Shekara da shekaru ina bisa tarakta, na ga lalacewa iri-iri, amma kwana biyun da na yi a gonar gwaggona ba za su fita daga raina ba har in koma ga Allah. Duk sanda na ɗora hannu bisa murfin tanki sai sun faɗo mani. Wani lokaci in yi dariya ni kaɗai, wani lokaci kuwa kunyar ta dawo mani sabuwa ful.

Taraktar tamu tsohuwa ce tukuf, mun gaje ta wajen mahaifinmu ni da yayana. Ja ce a da, amma rana ta cinye launin. Mun raba aiki tun farko: yayana shi ke sayo gazuwal, wato man dizal, da nemo gonakin da za a yi wa huɗa, ni ke tuƙi da gyara. Na yi shekara uku a garejin wani makanisiye a Maraɗi, kuma ba yabon kai ba, injin nan na san shi ciki da bai. Ko yau ka rufe mani ido zan kwance shi in mayar. Matsalata a wancan lokaci guda ce: na san na iya, kuma ina son kowa a Dakoro ya san na iya.

Gwaggo ƙanwar mahaifinmu ce. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma da gyaɗa take riƙe gidanta. Ta noma, ta soya ƙuli-ƙuli, ta sayar da mai. Gonarta tana can hanyar Ɗan Gulbi, a wani kwari. Ba jigawa ba ce irin wadda za ka sassara da sungumi ka jefa hatsi ka wuce. Ƙasar laka ce, in ta sha ruwan farko kwana uku take bai wa mutum, in bai yi huɗa ba ta ƙandare, sai kuma wani ruwan, wanda ba wanda ya san ranarsa. Tana da bijimai biyu da ake yi mata huɗar da su kowace shekara. Bazarar nan abincin dabbobi ya yi wuya ƙwarai, sai na ce mata ta ba makiyayan da ke riƙe mata shanu su tafi da bijiman arewa, ta huta da wahalar ciyarwa. Ta tambaye ni wa zai yi mata huɗa. Na buga ƙirji na ce wuni ɗaya ya yi mani yawa. Ta ce to, ta sallami bijiman.

Ruwa ya sauka ranar Talata, ruwa mai kyau. Laraba da hantsi ina cikin gonar, garma na tsaga ƙasa tana juya ta baƙa wuluk. Na yi layi bakwai ko takwas ina fito abina, sai na ji injin ya fara rage ƙarfi. Ya yi tari sau biyu, ya ja numfashi, ya mutu a tsakiyar layi.

Ban damu ba ko kaɗan. Injin gazuwal in ya mutu haka a hankali, mai ne bai isa gare shi ba, wannan ko sabon shiga gareji ya sani. Na sauka na buɗe murfin tanki na leƙa, mai na nan fiye da rabi. Na rufe. Na duba ɗan kofin gilashin da ke ƙarƙashin tanki, inda ruwa da datti ke taruwa, na ga ɗan ruwa kwance a gindinsa. Na ce a raina ga ɓarawon. Na kwance kofin na wanke na mayar, na sassauta notin da ke bisa matacin mai, na yi ta danna famfon hannu har kumfa ta daina fitowa, mai ya zo tsantsa. Na ɗaure, na murɗa makulli, ta tashi tas. Na hau ina jin kaina.

Ban kai rabin awa ba ta sake mutuwa, daidai yadda ta yi da farko.

Wannan karon na ce matacin ne ya toshe. Ina da sabo cikin akwatin kayan aiki. Na leƙa tanki kamar yadda na saba, na canza mataci, na sake fitar da iska, ta tashi. Ta yi layi shida ta mutu. Na uku na cire tiyon da ke kawo mai daga tanki, na sa baki na hura har gazuwal ya cika mani maƙogwaro, na kwance 'yar rariyar da ke bakin tiyon na goge ta da tsinke. Ta tashi, ta yi aiki, ta mutu. Abin da ya fi rikita ni ke nan: duk gyaran da na yi sai ya yi kamar ya ci. Da a ce ta ƙi tashi gaba ɗaya da na fi gane mata.

Da azahar yayana ya zo bisa babur ya ga abin da ake ciki. Masu gonakin da ke kusa su ma sun matso, kowa na faɗin tasa. Raina ya riga ya ɓaci, rigata ta jiƙe da mai da gumi, ga idanun mutane a kaina. A nan na yi abin da har yau nake jin ciwonsa. Na ɗaga murya na ce yayana ne ya jawo, ya je ya kwaso gazuwal na bakin hanya mai ruwa a ciki don ya fi sauƙi, ya zuba mana guba a tanki. Na faɗi haka a gaban mutane, ga wanda ya girme ni da shekara tara. Ya ɗaure bido biyu, wato jarkoki, a bayan babur ya koma Dakoro, ya ciko su a gidan mai ya dawo. Muka juye tsohon man gaba ɗaya, muka zuba sabon ta cikin ƙyalle. Na tayar da ita ina cewa yanzu kowa zai ga gaskiyata. Ta yi layi bakwai ta mutu, yana tsaye yana kallo. Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Rana ta faɗi ban yi ko kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba.

Alhamis da sassafe na dawo. Saman ƙasar ya fara yin fari, in ka taka sai ka ji ɓawo yana ƙara ƙarƙashin takalmi. Abu ɗaya ya rage da ban taɓa ba, babban famfon da ke tura mai cikin injin. Shi kuwa ba a buɗe shi a gona. Sai an cire an kai Maraɗi, kuma in ya dawo cikin mako guda an yi sa'a. Na san abin da mako guda ke nufi. Duk mai bijimai a yankin yana cikin tasa gonar, ba wanda zai ara wa wani. Gwaggo za ta rasa gyaɗar shekara, kuma bakina ne ya kori bijimanta.

Ina zaune a inuwar taya ina wannan lissafin zuci sai na hango ta tafe. Ƙwaryar fura a kai, fartanya a kafaɗa. Fartanyar nan ta fi komai yi mani zafi. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta zo ta fara sarar laka da hannu saboda alkawarina. Ta ajiye furar, ta duƙa ta tura yatsa cikin ƙasa ta ga iyakar danshi, ta goge a zaninta. Ta ce in sha fura tukuna, ba a gyara da yunwa.

Na sha, sannan na ce bari in ƙara gwadawa sau ɗaya kafin in cire famfon. Ta tashi kamar kullum, ta yi layinta shida, ta zo ta mutu kusa da inda gwaggo ke sara. Na sauka cikin fushi na murɗa murfin tanki. Ya ɗan yi tauri, da ya saki kuma sai tankin ya zuƙi iska da ƙara, irin yadda mutum ke yi ta tsakanin haƙora in ya ci barkono. Na ji wannan ƙarar tun jiya, sau nawa ma, amma na ɗauka zafin rana ne.

Gwaggo ta miƙe ta dafa ƙugu. Ta ce, "Ɗana, wannan abin in ka rufe shi, ta ina iska ke shiga?"

Na ce mata iska ai ita ce abokiyar gabarmu, tun jiya ita nake fitarwa. Na faɗa da irin muryar da ake yi wa wanda ya tsoma baki a abin da bai sani ba, Allah ya yafe mani.

Ba ta ji haushi ba. Ta ce ita dai injin ba ta san shi ba, amma tana da bidon man gyaɗa mai famfo a gindi, wanda take aunawa da shi a kasuwa. In ta manta ba ta sassauta murfin sama ba, man zai zubo kwalba ɗaya ko biyu, sannan ya tsinke, ya koma ɗigo, ya tsaya cak, har gefen bidon ya lotsa ciki. In ta murɗa murfin sai ya yi irin wannan ƙarar da ta ji yanzu, man kuma ya ci gaba da zuba. Ta ce shi ke nan abin da ta sani, ta koma kan fartanyarta.

Na dubi murfin da ke hannuna. Na juya shi, ga tabon baƙar roba a tsakiyarsa, aikin hannuna. Wata biyu kafin nan, lokacin da iskar bazara ke kwasar rairayi tana watsa wa komai, na ga wani ɗan huji a murfin, bai fi kan allura ba. Shekarar da ta wuce rairayi ya wahalar da ni a mataci, don haka na ce tsatsa ce ta huda shi, kuma ta nan ƙasa ke shiga. Na ɗora wuƙa a wuta na narka guntun tsohon takalmin roba na liƙe hujin, yadda ake liƙe bokiti. Ban tsaya nan ba, na yanka robar cikin taya na sa a bakin murfin don ya kama gam. Har na nuna wa yayana ina alfahari. Tun daga ranar taraktar ba ta yi doguwar tafiya ba sai a wannan gona. Ashe hujin ba tsatsa ba ce, masu ƙera ta ne suka yi shi, don iska ta maye gurbin man da ke fita. Duk sanda ta mutu na buɗe murfi in leƙa, iska ta shiga, sai ta tashi, ni kuma in ɗora yabon bisa gyaran da na yi.

Na tambayi gwaggo ko tana da wani abu mai tsini. Ta kwance bakin zani ta miƙo mani basillar da take ɗinke buhun iri da ita. Na huda robar, na cire wadda na sa a baki, na hura na ji iska ta wuce. Na ɗaura ɗan ƙyalle a sama saboda rairayi. Na fitar da iskar tiyo karo na ƙarshe, na hau.

Layi shida, layi bakwai, ina sauraron injin. Na takwas ya wuce, na goma ya wuce. A na ashirin na daina ƙirga. Na waiwaya na ga gwaggo ta jingine fartanya a jikin wata aduwa ta zauna tana ɓare iri. Ban sauka ba sai don sallah, kuma kafin magariba garma ta fita ta ƙarshen gonar. Washegari aka shuka gyaɗa cikin sauran danshin.

Abin da ya fi huɗar wuya shi ne zuwa wajen yayana. Na same shi a ƙofar gida tare da biyu daga cikin mutanen da suka ji abin da na faɗa a gona, na kuma gode wa Allah da suna nan, don a gabansu na yi ɓarnar. Na durƙusa na ce, "Yaya, manka lafiya lau yake. Ni ne na toshe tankin da hannuna. Ka yafe mani." Ya karɓi murfin ya juya shi ya ga tabon, sannan ya fashe da dariya. Ya ce ya yafe, amma daga yau in tarakta ta lalace gidan gwaggo zai fara zuwa, in ta gaza sai a kira ni. Har yanzu bai bar wannan tsokanar ba, ni ma ban taɓa mayar mashi ba, don na cancance ta.

Da kaka gwaggo ta aiko mani da kwalbar man farko. Basillar kuwa ban mayar ba, tana ɗaure a igiyar makullin tarakta har gobe.

Har yau ina gyara injuna, kuma har yau na iya, wannan ban janye ba. Amma kwana biyun nan sun sauya yadda nake fara aiki. In inji ya tsaya, kafin in zargi mai ko wanda ya sayo shi, sai na tambayi kaina mene ne na ƙarshe da hannuna ya taɓa. In kuma wani da ke tsaye a gefe ya yi tambaya, ko bai taɓa riƙe sitiyari ba, nakan ajiye kayan aiki in saurara har ya gama. Shekara uku na yi a gareji, amma mai sayar da man gyaɗa ce ta ceci gonar, kuma da na sake yi mata irin amsar farko, da ta ƙarasa wunin da fartanya a hannu.