Akwatin Sulallan Yaya

Yayana kafinta ne, kuma ya yi furfura yana yankan katako a shagon wani. Burinsa ɗaya tak, ya samu rumfarsa ko da ta kwano uku ce, ya daina jin ana kiransa "kai, zo nan" a gaban 'ya'yansa.

Innarmu na sayar da sabulu da ashana a ƙofar gida, canjinta a gwangwanin madara. In mai saye ya zo sai ta juye a zani tana tsinta. Shi ya sa Yaya ya yi mata akwati. Bai sa ƙusa ba, katakon ya haɗa baki da baki. A murfin ya tsaga ramuka, kowane sule da nasa, ƙarami ya zame ƙasa, babba ya tsaya a sama. Ka ja aljihun akwatin, kowanne na ɗakinsa. Inna ta ce ko 'ya'yanta ba su taɓa jin magana haka ba.

Wani mai manyan kantuna ya gani, ya ce a yi masa na duk teburan karɓar kuɗinsa, in sun yi kyau zai ba Yaya lungun bayan kanti ya buɗe rumfa. Yaya ya bar aikinsa, ya sayar da kekensa ya sayi katako.

Sai dai da sulallan Inna ya yi awo. Sulallan unguwarmu kuwa sun sha hannu har sun siɗe, shi kuma bai taɓa riƙe sabo fil daga banki ba. Ranar gwaji aka zuba sababbi, suka maƙale a ramukan.

Yaya ya ce a ba shi magagari, kafin la'asar zai faɗaɗa su duka. Ina tsaye a wurin. Mutumin ko ɗago kai bai yi ba.

"Malam, in ba ka san kuɗi ba, ina ruwanka da akwatinsu?"

Ya mayar wa Yaya da akwatunan duka, ban da ɗaya da ya ce zai ajiye don tunawa. Tunawar banza. Kafin wata ya ƙare surukin mutumin na ƙera irinsa a lungun nan, da ƙusoshi.

Yaya ya koma tsohon shagon, ya tarar an ba wani bencinsa. Yanzu shi ke goge katako da dakon ƙofofi. Na ce mu kai ƙara, ya ce in bari, ai shi ya yi awon.