Tafin Hannun Inna Mai Sabulu

A bayan layin masu walda akwai wata rumfar kwano, kuma duk wanda ya bi ta wurin da hantsi sai hancinsa ya gaya masa Inna mai sabulu ta fito aiki. Gajera ce, mai saurin baki da saurin hannu, yatsunta duk tabon soda. Mijinta, wanda kowa ke kira Dogo, shi ne kishiyar halinta. Kafin ya ɗaga ƙafa ɗaya ta kai ƙofa ta dawo.

Tun suna da ƙuruciya suke sana'ar tare, kowa da bokitinsa. Ita ke narka mai a kan wuta. Shi kuma ya sa safar hannu, ya riƙa barbaɗa soda cikin ruwan sanyi a hankali. Ba wuta ba garwashi, amma nan da nan bokitin ƙarfen ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya zama a kai, tururi na tashi. To ba a haɗa ruwan soda da mai sai ɗuminsu ya zo ɗaya, in ba haka ba sabulu ya ɓaci. Su kuwa ba su da abin awo, sai dabararsu. Ya cire safar ya dafa jikin bokitinsa, ta dafa nata, sannan ya ce, "Uwar gaggawa, zo mu tafa."

In tafinsa ya fi nata zafi, a jira. In suka haɗa hannu ba wanda ya ji zafin wani ko sanyinsa, lokacin zubawa ya yi.

Autarsu, wadda yanzu take koyar da kimiyya a wata makaranta mai nisa, ta taɓa yi musu bayani. Ta ce akwai ƙarfi a ɗaure cikin sodar, idan ta narke sai rarar ta fito ta zama zafi. Wasu abubuwan kuma akasin haka suke yi, irin farin takin zamani, wanda in ya narke yake zuƙe zafin ruwa har kwanon ya yi sanyi. Dogo ya yi dariya har da tari.

"Ashe shi ya sa! Uwarki soda ce, ni taki. Duk zafin da ta fitar ni nake shanyewa."

"Taki dai kam," in ji Inna. "Sai an ɗauke ka an watsa kake motsi."

Da Allah ya yi wa Dogo rasuwa, masu gaisuwa suka watse, Inna ta koma rumfa. Nan ta ga aikin da hannu huɗu suka saba ba ya jin maganar biyu. Takan dafa bokitin soda, ta cire hannun ta dafa na mai, sai hannun ya ruɗe ta, don ya taho da zafin wancan. Ga shi babu mai ce mata dakata. Wani zubin ya kumbura ya tsage ta tsakiya, wani mai ya kwanta a samansa. Masu wanki da guga da ke saye a wurinta suka fara wucewa da sauri, suna gaishe ta daga nesa.

Auta ta kira ta a waya.

"Inna, don Allah ki rufe rumfar nan ki dawo wurina. Ga ɗaki, ga jikokinki."

"In zo in yi me a bene? In zauna ina ƙirga motoci ta taga?"

"To ki yi mini alkawari. In zubi na gaba ya lalace, zan zo in ɗauke ki."

Inna ta ce ta yi alkawari. Ba benen take tsoro ba. A rumfar nan hular Dogo take rataye, kuma kujerarsa har yanzu da lotsawar zamansa.

Da safe ta narka mai, ta barbaɗa soda, ta tsaya tsakanin bokitan biyu tana huci. Hannunta har ya kai ga muciya. Sai ta ji bakinta ya faɗa a fili, da irin jan muryarsa, "Uwar gaggawa."

Ta ajiye muciyar. Ta ɗora hannun dama a bokitinsa, na hagu a nata, ta jima a haka. Sannan ta haɗa tafukanta biyu a gaban ƙirjinta. Na dama ya fi zafi. Ta ja kujerarsa ta zauna, abin da ba ta taɓa yi ba ana tsakiyar aiki. Ƙarar guduma na shigowa daga layin walda, ba mai leƙowa. Ta tashi ta sake tafawa, ta koma ta zauna. Can da rana ta ɗaga, ta haɗa hannuwan, ba ta ji komai a tsakaninsu ba.

Ta zuba, ta tuƙa har ya yi kauri, ta juye a akwatin katako, ta rufe da tsohon bargo. Wajen la'asar ta dafa bargon ta ji ɗumi na tasowa daga ciki, irin wanda sabulu ke fitarwa da kansa in yana kamawa. Ba ta cire hannun ba sai da makwabta suka fara rufe shaguna.

Washegari siririyar wayar yanka sabulu ta ratsa shi sumul, ba tsagewa ba mai. Ta kira Auta.

"Ki bar wa jikokina ɗakinsu. Ya yi."

"Alhamdulillahi! Wa ya taya ki, Inna?"

Ta dubi tafin hannunta na dama.

"Ba kowa," ta ce. "Jira kawai na yi."

Ta kashe wayar, ta jera sabulun a kan katako ya sha iska, ta wanke bokitan biyu ta kife su gefe da gefe.