Ƙarar da Malam Ya Kashe a Ɗakin Gwaji

A shagon babana a Kano na girma, cikin tsofaffin batira da inbata da ake kawowa gyara. Kafin in gama sakandare na san kukan kowace na'ura. Shi ya sa ranar da na shiga ɗakin gwajinmu a jami'a a Manchester na ji UPS ɗin da ke ƙarƙashin benci yana ƙara, tun daga bakin ƙofa na gane abin da yake faɗi. UPS akwati ne mai batir a ciki, yana riƙe wa na'urori wuta idan ta yanke. Namu shi ke riƙe da akwatin ɗumi inda nake renon ƙwayoyin halittar da na shafe wata biyar ina lallaɓawa. A kansu digirina ya rataya.

Idan wuta aka ɗauke, jefi-jefi yake ƙara. Wannan kuwa gajeren kuka ne a jere, ga jar fitila a gabansa. Batir ne ya mutu, yana neman a canja shi.

Mu biyu ne Hausawa a sashen. Ɗayan malamin wata jami'a ne a gida, ya zo yin nasa digirin, ya girme ni nesa ba kusa ba. Iyalinsa na Small Heath a Birmingham, shi kuma yana zuwa kwana uku a mako. Na same shi a tsugune gaban akwatin.

"Malam, battery ɗin ne ya mutu," na ce. "Sai mu yi reporting."

Ya nuna mini fitilun rufi. "Ƙanwata, ga wuta nan. A ƙasar nan ɗauke wuta ake yi? Na ofis ɗina a gida kullum haka yake yi, sai ka danna ya yi shiru."

"Na gida don an ɗauke wuta yake yi. Wannan daban ne."

"To, injiniya!" in ji shi yana dariya. "Je ki abinki, zan yi handling."

Na tafi. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina. A wancan makon sunana ne a takardar masu duba na'urori, ni ya kamata in kai rahoto. Amma babba ya ce zai yi, kuma yadda aka tarbiyyantar da mu, ba ka tsallake ɗan'uwanka da ya girme ka ka je wajen Bature kamar ka ƙaryata shi. Washegari na ji shiru, na ɗauka an canja batir, ban ko sunkuya na duba ba.

Ranar Asabar da rana masu gyara suka yanke wutar benenmu na ɗan lokaci. UPS bai riƙe ko na ƙiftawar ido ba. Akwatin ɗumin ya mutu, da wuta ta dawo kuma bai tashi da kansa ba. Da safiyar Litinin na buɗe shi na ji sanyi ya taɓa mini hannu. Ko ɗaya daga cikin ƙwayoyin halittar ba ta tsira ba.

Farfesarmu, wata Baturiya mai sanyin magana, ta tara mu ta tambaya ko akwai wanda ya ji ƙara. Na dubi Malam, Malam ya dubi takalminsa. Ta ɗauki takardar masu duba na'urori ta ga sunana. Aka ce zan bayyana gaban kwamiti, su za su yanke ko za a ƙara mini lokaci in sake aikin. In ba su ƙara ba, sai in tattara kayana in koma Kano hannu rabbana.

Kwana uku na ba shi ya yi magana. A na ukun muka haɗu a matakala, ya ce, "Sai haƙuri, ƙanwata. Ƙaddara ce." A nan zuciyata ta ƙeƙashe. Na koma ɗakina a unguwar Hulme ban iya cin komai ba, sai juya maganar nake yi. Ni zai haɗa da ƙaddara, alhali da yatsansa ya yi?

Abin da Malam bai sani ba shi ne irin wannan akwati ba ya mantuwa, komai aka yi masa yana rubutawa. Na roƙi ma'aikacin da ke kula da na'urorin sashe ya buɗe mana tarihinsa. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: ranar da batir ya fara kuka, sai kuma layin da ya nuna an kashe ƙarar gaba ɗaya ta kwamfuta, da sunan wanda ya shiga, wato Malam. Na buga shi a takarda.

Ranar Asabar na hau bas zuwa Birmingham. Ba sulhu ya kai ni ba, kuma ba zan yi ƙarya ba: fuskarsa nake so in gani. Matarsa ta tarbe ni da murna, ta kawo mini zoɓo da cincin, ba ta san komai ba. Na ji kunyarta ƙwarai, amma ban fasa ba. Da ta koma kicin na miƙa masa takardar.

Ya karanta sau biyu. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa.

"Ki rufa mini asiri," ya ce da ƙaramar murya. "Saura wata huɗu in yi submitting ɗin aikin digirina. Ga yara, ga visa. In wannan ya shiga file ɗina…"

"Ni fa, Malam?"

"Ke yarinya ce, kina da lokaci. Don Allah ki yafe mini. Mu fa 'yan'uwa ne a ƙasar mutane."

Na shanye zoɓona har ƙasan kofi, na ɗauki jakata.

"Na yafe maka, Malam," na ce. "Amma tun ina kan hanya na tura wa Farfesa hoton takardar."